Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Tarihin Lasisin Kyauta a Duniyar Manhaja

Kamfanonin da ke sayar da kayan aikin rubuta manhaja suna da wata al'ada da ta haura shekara 20: duk wanda ya nuna yana aikin sa-kai a manhajar da aka buɗe wa kowa, sai su ba shi lasisin amfani da kayansu bai biya ko dala ba. Labarin wannan rangwame ya iso Adar. Samarinmu da ke karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da waɗanda suka koyi sana'ar da kansu a kan tsohuwar kwamfutar da wani yaya ya aiko daga Abijan, sukan tambaye ni idan na je gida Kalfu ko abin gaskiya ne, ko kuwa akwai lauje cikin naɗi. Gaskiya ne, ana bayarwa. Amma kafin mutum ya miƙa hannu, yana da kyau ya san sunan abin da ake miƙo masa.

Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga abin da ba a biya kuɗinsa ba da kuma abin da mutum ke da cikakken iko a kansa. Faransanci ya raba su biyu. Mu kuwa uku gare mu: kyauta, da aro, da wakafi. Kyauta ta zama taka, mai ita ya cire hannu. Aro na mai shi ne, ran da ya ga dama ya aiko yaro a karɓo. Wakafi kuwa an tsayar da shi ne don jama'a, ba mai sayar da shi, ba mai gadonsa, har wanda ya bayar ba ya iya janyewa. Tarihin da zan kawo na mutanen da aka bai wa aro ne, suka ɗauka kyauta ce, har ranar da mai abu ya zo.

Maƙera da kayanta

Mai karatu, ka ɗauki mai rubuta manhaja kamar maƙeri. Maƙeri na buƙatar uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi. Shi kuma wannan yana buƙatar allon da zai yi rubutu a kai, da tafintan da zai juya rubutunsa zuwa harshen da na'ura ke ji, da kundin da ke adana tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, da rumbun da zai ajiye aikin inda abokan aikinsa za su same shi. Waɗannan kayan su ma manhajoji ne, kuma kowanne da mai shi.

Wajen shekarar 1980 kamfanin Xerox ya bai wa wani ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka kyautar na'urar buga takardu. Na'urar tana yawan cije takarda. Wani ma'aikacin wurin, Richard Stallman, ya so ya gyara manhajarta yadda za ta riƙa sanar da mutane idan ta cije, kamar yadda suka yi wa tsohuwar na'urarsu. Da ya nemi asalin rubutun manhajar wurin wani masani da ke da shi, sai aka hana shi, domin masanin ya sa hannu a yarjejeniyar ɓoye sirri. An ba su na'ura, an riƙe makullinta.

A Satumban 1983 Stallman ya shelanta aikin GNU, wato gina babbar manhaja wadda kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya raba. Abin lura shi ne da kayan maƙera ya fara: allon rubutu na GNU Emacs, sannan tafinta mai suna GCC a 1987. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda a ganina shi ne mafi kusa da abin da muke kira wakafi. Sharaɗinsa shi ne: ka ɗauka, ka gyara, har ka sayar in ka so, amma duk wanda ka miƙa wa sai ka ba shi asalin rubutun tare da irin ƴancin da aka ba ka. Kamar rijiyar unguwa ce. Ɗan ga-ruwa na iya ɗiba ya sayar da ruwan, amma ba shi da ikon sa wa rijiyar kwaɗo.

Da wannan GCC ne wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya gina zuciyar babbar manhajar Linux a 1991, ya kuma sa ta ƙarƙashin GPL a 1992. Wayar Android da ke aljihun mai sayar da albasa a kasuwar Tawa, a kan wannan zuciyar take gudana.

Aron da ya fi kowanne suna

Shekara 10 aikin Linux na tafiya ta wasiƙun intanet. Kowa ya yi gyara sai ya aika wa Torvalds, shi kuma ya duba ya haɗa da hannunsa. Da masu aiko gyara suka kai ɗaruruwa, sai kaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gyare-gyare suka riƙa ɓacewa, rai ya riƙa ɓaci. Akwai kundayen tarihi na wakafi a lokacin, irin su CVS, amma Torvalds ya raina ingancinsu.

Sai ga Larry McVoy, tsohon injiniyan kamfanin Sun, wanda ya kafa kamfanin BitMover ya ƙera kundi mai suna BitKeeper. Kundin na sayarwa ne, asalin rubutunsa a rufe, amma McVoy ya ce masu aikin buɗaɗɗiyar manhaja su yi amfani da shi ba biya. A Fabrairun 2002 Torvalds ya karɓa. Kuma a faɗi gaskiya, kayan ya yi aiki: haɗa gyare-gyare ya yi sauri, cunkoson ya ragu.

Sai dai aron yana da sharuɗɗa, kuma mai abu na iya sauya su. Dole bayanin gyare-gyarenka ya riƙa zuwa uwar garken kamfanin. Daga baya aka ƙara cewa wanda ke aikin gina wani kundin da zai yi gogayya da BitKeeper ba shi da izinin taɓa na kyautar. Stallman ya yi ta gargaɗi. Alan Cox, ɗaya daga cikin manyan mataimakan Torvalds, ya ƙi amfani da shi. Babbar damuwarsu ita ce cikakken tarihin aikin, wa ya gyara me, yaushe, a kan wane reshe, yana kulle cikin tsarin da kayan kamfani ɗaya kaɗai ke iya karantawa.

A farkon 2005 wani ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, wanda ya yi suna da manhajojin Samba da rsync, ya fara rubuta ƙaramin kayan da zai iya ciro wannan tarihi daga uwar garken BitKeeper. Hujjarsa ita ce shi bai taɓa amfani da BitKeeper ba, don haka bai taɓa amincewa da sharuɗɗansa ba. McVoy kuma ya ga an zo a kwaikwayi abin da yake ci da shi, bayan ya yi shekaru yana ɗaukar nauyin masu aron. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Tridgell da Torvalds duk a cibiya ɗaya suke aiki, wato OSDL. A farkon Afrilun 2005 BitMover ya sanar da janye lasisin kyautar. Torvalds da kansa ya ɗora wa Tridgell laifi a bainar jama'a, wasu kuma suka ce laifin na wanda ya gina gida a filin aro ne.

Ni ban ga mugu a cikin labarin nan ba. McVoy ɗan kasuwa ne da ya yi alheri iyakar inda alherin bai taɓa jarinsa ba, kuma haka kowane mai ba da aro yake. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ya biyo baya shi ya sa har yau ake tuna rigimar. A ranar 3 ga Afrilu Torvalds ya ajiye sauran ayyuka ya fara ƙera nasa kundin, ya sa masa suna Git. Ranar 7 ga wata Git ya fara adana tarihin kansa. A watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 da shi, a ƙarshen Yuli kuma Torvalds ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano. A cikin Afrilun nan dai aka haifi wani kundin, Mercurial, saboda dalili guda. Dukansu biyu ƙarƙashin GPL suka fito. Shi kuwa BitKeeper, sai a Mayun 2016 aka buɗe asalin rubutunsa ga kowa. Fargar Jaji ke nan, duniya ta riga ta koma Git.

Mai abu ya sha dawowa

Da darasin ya zauna, da labarin ya ƙare a nan. Amma aro yana da daɗi, ga sauƙi ga kyau, sai aka koma masa ta wata ƙofa. Kundin ya zama wakafi, rumbun da ake ajiye shi kuma ya zama na kamfanoni.

SourceForge, wanda aka buɗe a 1999, shi ne babban rumbun farko da ke karɓar ajiya ba biya. A Janairun 2010 ya toshe masu shigowa daga Iran da Siriya da Sudan da Kuba da Koriya ta Arewa saboda dokokin takunkumin Amurka. A 2015 aka same shi yana naɗe manhajar gyaran hoto ta GIMP da tallace-tallace ba da yardar masu ita ba. Google ya buɗe nasa rumbun, Google Code, a 2006, ya rufe shi a farkon 2016. Bitbucket ya daina karɓar ajiyar Mercurial a 2020. Travis CI, wanda dubban ayyukan sa-kai suka dogara da shi wajen gwada manhaja, an sayar da shi a 2019, a Nuwamban 2020 kuma aka taƙaita abin da yake bayarwa kyauta. A Maris 2023 Docker ya ba da sanarwar soke wani rukunin asusun kyauta da ayyukan sa-kai da yawa ke ciki, sai da aka yi masa ca sannan ya janye.

GitHub, wanda ya fi su duka girma, an buɗe shi a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. A Yulin 2019 masu amfani da shi a Iran da Siriya da Kirimiya suka wayi gari an taƙaita asusunsu, rumbunansu na sirri a rufe. Sai a Janairun 2021 kamfanin ya samo izinin gwamnatin Amurka na maido wa ƴan Iran cikakken amfani. Waɗannan mutane ba su karya wani sharaɗi ba. Ƙasar da suke zaune ce ta jawo musu.

JetBrains, da aka kafa a birnin Prag a 2000, yana cikin waɗanda suka fi suna wajen bai wa masu aikin sa-kai lasisi. Sharuɗɗan da ya daɗe yana gindayawa a fili suke: aikin ya kai wata 3 ana yin sa a kai a kai, kada ya zama na kasuwanci, lasisin kuma na shekara 1 ne, sai an sake nema. A Maris 2022 kamfanin ya dakatar da ciniki a Rasha da Belarus. Amma shi wannan kamfani, tun 2009 ya buɗe asalin rubutun wani sashe na IntelliJ IDEA ƙarƙashin lasisin Apache. Ka ga gida ɗaya na iya ba da aro da hannun dama, ya yi wakafi da na hagu. Aikin mai karɓa ne ya tantance wanne aka miƙo masa.

Don kada in yi son kai, wakafi ma bai kuɓuta daga siyasar duniya ba. A Oktoban 2024 an cire sunayen wasu ƴan Rasha daga jerin masu kula da sassan Linux saboda dokokin takunkumi. Bambancin shi ne an raba su da muƙami, ba a raba su da manhajar ba. Kwafin da ke hannunsu nasu ne, suna iya ci gaba da gyara shi.

Na wa ne maruƙan?

Ba kowane aro ne abin gudu ba, kuma mu mutanen jihar Tawa mun fi kowa sanin haka. Maƙwabtanmu Fulani na wajen Abalak da Cintabaraden suna da al'adar haɓɓanaye: mai garke ya ba wanda ya rasa dabbobi aron karsana, ta zauna wurinsa ta haihu sau biyu ko uku, ya sha nono, maruƙan su zama nasa, sannan ya maida uwar. Da haka wanda fari ya talauta yake sake kafa garke. Ƙungiyoyin agaji ma sun ari tsarin suna yi da awaki. Kyawun haɓɓanaye shi ne tun ranar farko kowa ya san saniya ta mai ita ce, maruƙa na mai kiwo ne.

Da wannan ma'auni nake auna kowane lasisin kyauta. A rigimar BitKeeper ba a yi musu a kan saniya ba, kowa ya san ta McVoy ce. A kan maruƙa aka yi faɗa, wato tarihin aikin da ɗaruruwan mutane suka yi da hannunsu. Allon rubutun da kamfani ya ara maka, in lasisin ya ƙare rubutunka na nan a kwamfutarka, kana iya buɗe shi da wani allon. Wannan haɓɓanaye ne na gaskiya, a karɓa a yi godiya. Amma rumbun da ya riƙe muhawarar da kuka yi, da jerin matsalolin da aka kawo muku, da tsarin gwajin da ba ya gudana sai a cikinsa, wannan ya ɗaure maruƙan a turkensa.

Sabon salon ya fi wannan sarƙaƙiya. A Yunin 2022 GitHub ya fara sayar da Copilot, mataimakin rubutu mai ƙirƙirarriyar basira, kan dala 10 a wata, ya ce ɗalibai da masu kula da fitattun ayyukan sa-kai su yi amfani da shi kyauta. To amma da me aka horar da Copilot? Da rubutun da jama'a suka ajiye a buɗe a rumbun GitHub. Ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta yi kira a ƙaurace wa rumbun a ƙarshen watan, a Nuwamba kuma aka shigar da ƙara a Kalifoniya. A nan masu kiwon ne suka wayi gari ana ara musu nonon maruƙansu.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwan Kalfu da rigimar Turawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya kuma ta yanke wutar da ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage. Takunkumin bai kai ga rufe mana rumbunan manhaja ba, amma duk wanda ya kwana cikin duhun watannin nan ya san abin da ke hannun wani ana iya ɗauke shi dare ɗaya, ba tare da an tambayi talaka ba. Abin da ya sami ɗan Iran a 2019 ba tatsuniya ba ce a wurinmu.

Akwai kuma batun sharuɗɗan kansu. An tsara su ne da tunanin mutumin da ke da wuta da intanet kullum. Yaron da ke gona tun saukar damina har girbi, ya tafi cin rani da kaka ta wuce, ya yi rubutunsa a ƴan makonnin da ya samu caji da kuɗin data, da wuya aikinsa ya nuna motsi a kai a kai yadda masu tantancewa ke so. Wanda ya fi buƙatar rangwamen shi ne ya fi wuyar cika sharaɗinsa. Wakafi kuwa ba ya tambayar kowa takarda. GCC da Git da Python da allunan rubutu irin su Vim da Emacs, sau ɗaya za ka sauke su, ka zuba wa abokinka a katin memori, ba wanda zai ce ka sabunta bayan shekara. Git kuma an gina shi yadda kowane kwafi ke ɗauke da cikakken tarihin aikin, saboda haka yana aiki ko babu intanet, kuma in rumbun kamfani ya rufe yau, tarihin na nan a kwamfutarka.

Mun ma riga mun ci moriyar aron da ya koma wakafi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da muke rubutawa a Nijar, sun daɗe suna ba masu buga Hausa wahala a kwamfuta. Manhajar Keyman, wadda Marc Durdin ya fara a ƙasar Laos a farkon shekarun 1990, ta sayarwa ce a da. Cibiyar SIL ta saye ta a 2015, daga baya ta buɗe ta ga kowa. Zanen haruffa irin su Charis da Doulos kuma suna ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin da cibiyar ta fitar tun 2005. Yau duk mai so na iya tsara allon bugun Hausa, ko na Tamajak, ko na Fulfulde, bai nemi izinin kowa ba.

Manomanmu ma sun taɓa nuna hanyar. A 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci yankin Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako ana zuba taki don su riƙe ruwa. Suka dawo suka gwada, tassa ta bazu a Adar daga gona zuwa gona. Dalilin bazuwarta shi ne kayan aikinta na hannun manomi ne, iliminta kuma ba a kulle shi ba. Wanda ya gani wurin maƙwabci ya koya, ya gyara yadda ƙasarsa ke so.

Shawarata ga masu tasowa a wannan sana'a ita ce, in an ba ku lasisi ku karɓa, ku yi aiki da shi, domin kayan suna da kyau kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Amma ku karanta ranar ƙarewarsa da abin da zai sa a janye shi. Ku fara koyon sana'ar da kayan wakafi, yadda in aka karɓe na aron hannunku ba zai mutu ba. Ku ajiye cikakken kwafin aikinku a wurin da ku ke da makullinsa, wani kwafin kuma wurin amintaccen aboki. In kuma kun ƙera wani abu da zai amfani mai Hausa, allon bugu ne ko ƙamus ko manhajar lissafin ƴan kasuwa, ku sa masa lasisin da zai hana kowa, har ku kanku, sa masa kwaɗo gobe. Allah ya yi wa sana'ar albarka.